Hasashena da Kafaɗar Ƙanen Maƙwabciyata

Shekarun baya, lokacin ina sabuwar zuwa Dubai, na yi wani irin zama wanda har yau in na tuna sai in ji kamar in miƙe tsaye. Maigidana ne ya fara zuwa, yana aiki a wani ofishin kargo a Al Buteen, daga baya na biyo shi. Muka kama ɗan fulat a International City, ɗaki da falo. Shi tun safe zai fita, ba zan sake ganinsa ba sai bayan isha'i. Ni kuwa da digirina na lissafi da ƙididdiga da na kwaso tun daga Kano, ba abin da nake lissafawa sai tayil ɗin falo. In share gida, in sake sharewa, in wanke abin da ba shi da datti. In abin ya ishe ni sai in zura abaya in nufi babbar kasuwar 'yan China da ke kusa da mu, in yi ta zagaye ina taya kayan da ba saya zan yi ba, har wani mai sayar da fitilu ya fara gaishe ni kamar abokiyar aikinsa. Takardun neman aiki kam na tura su ba adadi. Wasu ba sa amsawa, wasu su amsa da daɗaɗan kalmomi waɗanda ƙarshensu a'a ne.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata mata ce 'yar Venezuela, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti. Doguwa ce mai yawan dariya, ta ɗan girme ni. Da farko daga gaisuwa ba ma wuce komai. Sai wata rana da azahar na ji tana zabga ihu a ɗakinta, irin ihun da a gidanmu ba a yin sa sai gobara ko mutuwa. Na fito ko takalmi babu na hau buga mata ƙofa. Ta buɗe fuskarta duk hawaye tana dariya, ta ja hannuna ciki, ta nuna min kwamfutarta.

"Ƙanena ne! Habibti, dubi ƙanena!"

Wasan besbol take kallo. Ni a lokacin ban san kansa ba balle gindinsa. Na ga dai wani ƙaton mutum tsaye a kan ɗan tudu yana jefa wata 'yar ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani kuma yana jira da kulki zai buge ta, in ya same ta ya ruga da gudu yana zagaye wasu tashoshi. Mai jifan nan shi ne ƙanenta. A Koriya ta Kudu yake wasa, kuma shi ne riƙe da gidansu tun bayan rasuwar mahaifinsu. Da yake yammacin can azahar ɗin nan ce, duk ranar da ba ta aiki a gaban kwamfutar take wuni. Daga ranar muka saba. Tana kawo min wata irin wainar masara ta ƙasarsu, ni kuma ina ɗiba mata yaji da kilishin da ake aiko min daga gida, tana ci tana hawaye tana cewa a ƙara.

Ana nan, bayan an rufe kakar wasan shekarar, wata ƙawata da muka yi jami'a tare ta turo min tallar aiki. Wani ƙaramin kamfani ne a nan Dubai yake neman mai ƙididdiga. Aikinsu hasashen wasanni: kafin a shiga sabuwar kaka su zauna su auna kowace ƙungiya, su faɗi wadda ake sa ran za ta yi sama da wadda za ta yi ƙasa. Da na nuna wa maigidana sai ya ajiye cokali.

"Malama, ba dai caca ba ce ko?"

"Ni ma abin da na fara tambayarsu ke nan. Sun ce gidajen talabijin da jaridu suke sayar wa, masu sharhi su samu abin faɗa."

"To wane wasa?"

"Besbol."

Ya yi dariya har da ƙwarewa. "Ke da ko Firimiya ba kya iya zama ki kalla, sai ki ce ana ɓata wuta?"

Gwajin da suka ba ni shi ne in zaɓi gasar ƙasa ɗaya, in yi hasashen yadda ƙungiyoyinta za su kaya, in miƙa kafin a buɗe kaka. Ban tsaya dogon tunani ba na zaɓi Koriya, tunda ga malama a ƙofar gida.

Ta kuwa karɓi aikin hannu biyu. Ta baza farantai huɗu a tsakar falona su ne tashoshi, ludayina ya zama kulki, lemon tsami ya zama ƙwallo. Ta sa ni gudu daga faranti zuwa faranti da zanina, tana yi min tsawa, "Yalla, yalla, an fitar da ke!" A haka na gane wasan. Na gane cewa rabin ƙarfin ƙungiya yana hannun masu jifanta ne, in babban mai jifa ya karye sai ka ga ƙungiya sukutum ta zube. Sauran aikin kuma nawa ne: na tattaro alƙaluman shekaru masu yawa na kowane ɗan wasa na zuba a kwamfuta. Na daina zuwa kasuwa. Abinci ma sai na ji ƙauri nake tunawa da shi.

Mahaifiyata ta kira ni a tsakiyar wannan hidima ta ce kwana biyu ba ta jin ɗuriyata.

"Umma, aiki nake nema. So suke in faɗa musu ƙungiyar da za ta ci wasa bana."

"An buga wasan ne?"

"A'a, ba a fara ba tukuna."

"Ke 'yar nan. Duba kika koma yi a ƙasar Larabawa?"

Na sha fama kafin na fahimtar da ita cewa irin na masu hasashen damina ne a rediyo, abin da ya wuce ake dubawa a kintaci na gaba. Ta ce to Allah Ya taimaka, amma dai in riƙa cewa in sha Allahu.

Ranar da lissafin ya fara fitowa daidai, na yi rawa ni kaɗai a falo. Sai na gangaro ƙasan jerin, murnar ta koma ciki. Ƙungiyar ƙanen maƙwabciyata tana can kusa da ƙarshe, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne, shi ne dalilin. Saurin jifansa yana raguwa kaɗan-kaɗan kowace shekara, shekarunsa sun ja a ma'aunin 'yan wasa, kuma an taɓa yi masa aiki a kafaɗa. Da na nemo masu jifan da suka taɓa kasancewa a irin wannan hali, yawancinsu ba su ƙarasa kakar da ta biyo baya ba. Ƙungiyar kuwa a kansa ta jingina.

Na ce ƙila kuskure na yi. Na sake lissafin. Na canja wannan, na rage nauyin wancan, na cire wata shekara da bai yi kyau ba na ce ai ba shi da lafiya ne. Duk ta inda na ɓullo, amsa ɗaya ce take jirana. Daga nan zama ya gagare ni. In zauna gaban kwamfuta, in tashi in leƙa taga, in buɗe firij in rufe ban ɗauki komai ba. Ni da nake neman abokin hira ido rufe, sai ga ni ina kasa kunne a jikin ƙofa in tabbatar ba ta waje kafin in fita zubar da shara. Har lifta na daina hawa, ina bin matakala ina haki, don kada mu haɗu.

Amma ƙofa da ƙofa ba a ɓuya. Wata yamma ta dawo daga aiki, ko kayan asibiti ba ta cire ba ta buga min. Ta zauna a hannun kujera, ba dariyar nan da na saba gani. Ta ce an yi wa ƙanenta tayin aikin koyar da yara masu tasowa a wata makarantar wasanni kusa da gidansu a Venezuela, aiki mai ɗorewa, amma sai ya ba da amsa kafin a buɗe kaka. In ya zaɓi ya ci gaba da wasa, wani za a ba gurbin. Mahaifiyarsu ta ce ya yi wasa, matarsa ta yi shiru, shi kuma kullum cewa yake kafaɗarsa garau.

"Ke ba ki san shi ba, ba kya sonsa, ba kya ƙinsa," in ji ta. "Me kwamfutarki ta ce a kansa?"

Na ce ban kammala ba tukuna. Ta dube ni ɗan lokaci, ta ce to, ta tashi ta fita.

Maigidana da ya dawo ya tarar da ni ina safa da marwa tsakanin kicin da falo. Na faɗa masa. Ya ce, "Ki bar shi a ba ki kammala ba mana, har a fara wasan. Mene ne naki na shiga rayuwar mutumin da ko ganinsa ba ki taɓa yi ba? In ya ajiye wasa saboda maganarki, daga baya ya ce ai da lafiyarsa, wa zai ɗauki wannan?" Gaskiya ce ya faɗa, shi ya sa ma ta ƙara dagula ni. Lissafina ba wahayi ba ne. Cewa ya yi yawanci, bai ce duka ba.

Washegari na kira mahaifiyata na kwashe komai na faɗa mata, ina ta kawo bayanin alƙaluma. Ta katse ni.

"Tsaya. Ta tambaye ki ko ba ta tambaye ki ba?"

"Ta tambaya, Umma."

"To ya zama amana. Ki faɗa mata abin da kika gani, ki kuma faɗa mata ke ba ki san gaibu ba. Abin da za su yi da maganar nasu ne."

Na dafa shayi na kira ta. Na buɗe kwamfutar na nuna mata layin saurin jifansa yadda yake gangarowa, na nuna mata sauran masu jifan da suka bi wannan hanya kafin shi. Na ce mata akwai waɗanda suka tsallake, ba su da yawa amma akwai su. Ta saurara har na gama, ba ta taɓa shayin ba.

"Ba ki taɓa ganinsa a fili ba," ta ce a hankali. "Ba ki taɓa jin ƙarar ƙwallonsa in ta shiga hannun mai cafkewa ba. Da ludayi na koya miki wasan nan."

Ba ƙarya ta yi ba. Ta ce in tura mata hoton abin da na nuna mata, ta fita. Kwanaki suka wuce ba wainar masara, ba sallama. In mun haɗu a baranda sai ɗaga hannu. Ni kuma ga lokacin miƙa aiki ya matso. Na daɗe yatsana a kan madannin kwamfuta ina tunanin in ɗan ɗaga ƙungiyar zuwa tsakiya, wa zai sani? A ƙarshe na bar ta inda lissafi ya ajiye ta, na tura.

Suka kira ni intabiyu. Shugaban sashen, wani mutum mai furfura da ba ya murmushi, ya yi ta jefo min tambayoyi, ya fi tsayawa a kan ƙungiyar ƙanen maƙwabciyata, don sauran masu sharhi duk can sama suka sa ta. Na kare abin da na rubuta. Ya ce za su ɗauke ni na wucin gadi zuwa ƙarshen kaka, in hasashena ya yi kusa da abin da ya faru su ba ni aikin dindindin da bizar kaina. Na fito daga ofishin ban san murna zan yi ko me ba. A cikin bas na fahimci abin da na jawo wa kaina: samun aikina ya rataya ne a kan kafaɗar ƙanen maƙwabciyata ta lalace.

Shi kuwa ya ga hoton, ya ce a yi min godiya, ya ƙi tayin makarantar, ya koma fili.

Aka buɗe kaka, mutumin nan ya fito kamar an sake ƙera shi. Wasa bayan wasa masu kulki suna dukan iska. Ƙungiyarsa ta haye can sama. Ranar wasansa na uku ko na huɗu sai ga bugun ƙofa, na buɗe na gan ta da farantin waina da dariyarta ta dā.

"Yalla, taso ki ga yadda ake kunyata kwamfuta."

Muka koma kallo tare, amma ni kallon azaba nake yi. In ya fitar da mai kulki sai in daka tsalle tare da ita, da gaske nake murnar, kafin in zauna kuma sai in tuna fuskar mai furfuran nan. A ofis wani abokin aiki ya fara tambayata kullum da safe, cikin zolaya, ya ƙungiyata ta ƙarshen tebur take. In na idar da salla sai in ɗaga hannu in rasa me zan roƙa. In ce Allah Ya tabbatar da aikina, na roƙa wa bawan Allah ciwo ke nan. In ce Allah Ya ƙara masa lafiya, ga falon nan da tayil ɗinsa suna jirana. Sai dai in ce Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, in shafa, in tashi in ci gaba da zagaye ɗaki. Maigidana ya ce tunda yake bai taɓa ganin mai goyon bayan ƙungiya da abokiyar karawarta a lokaci guda ba sai ni. Na rame a watannin nan, har mahaifiyata ta fara yi min wasu tambayoyi na daban.

Abin ya faru ne a tsakiyar zafi, lokacin da ko taga ba a iya buɗewa a Dubai. Muna zaune a ɗakinta, wasa ya yi nisa, yana kan gaba. Ya ɗaga ƙafa ya yi jifa kamar kullum, sai ƙwallon ta tafi can gefe, shi kuma hannunsa ya sauka ya tsaya yana lilo. Bai faɗi ba, bai yi ihu ba. Ya dai kai ɗaya hannun ya dafe kafaɗar, ya sunkuyar da kai. Mutane suka rugo daga benci. Maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce, ba ta jira a sake nuno hoton ba. Ta rufe kwamfutar ta ce da Larabci, "Khalas," wato shi ke nan.

Ni ce na fashe da kuka. Ita ce ta koma ba ni haƙuri, tana bubbuga bayana tana cewa ba ni na jefa ƙwallon ba.

Daga nan ƙungiyar ta fara gangarowa, ta ƙare kakar kusa da inda na ajiye ta. Kamfanin ya tabbatar min da aiki. Maigidana ya shigo da ledar shinkafa da naman rago daga Deira don a yi murna, na ɗan taɓa na ture. Kunyar fita baranda nake ji da katin aikin a wuyana.

Bayan an yi wa ƙanen maƙwabciyata aiki a kafaɗar, a hanyarsu ta komawa gida, suka yada zango a Dubai wurin yayarsa, shi da matarsa da 'yarsu ƙarama. Yayar ta zo har ɗaki ta ce lallai sai na shigo, yana son ganina. Na shiga ina raɓe-raɓe. Yana zaune hannunsa a rataye, ya cika kujerar, ya fi yadda nake ganinsa a kwamfuta girma. Da ya gan ni ya yi murmushi.

"Ke ce mai kwamfutar?"

Na ce ni ce, na fara ba shi haƙuri ban ma san na mene ne ba. Ya ɗaga lafiyayyen hannun ya tsayar da ni. Ya ce hoton da na tura bai gaya masa sabon abu ba. Tun kafin a rufe kakar bara, in ya tashi da safe sai ya yi amfani da hagu ya ɗaga kofi. Ya dai ɓoye wa kowa, har yayarsa.

Yayar ta zabura. "Ka sani? Ka sani ka bar ni ina faɗa da maƙwabciyata?"

Ya nuna 'yarsa da ke kwance a ƙasa tana zane. Ya ce duk shekarun da yake tashe jaririya ce, ba ta san komai ba. Bana ne ta yi wayon da za ta zauna a filin wasa ta gane cewa wancan na kan tudu babanta ne, ta ji dubban mutane suna rera sunansa. Ya ce so yake ta gani da idonta, ba a ba ta labari ba. Kuma ta gani, ba sau ɗaya ba.

"Aikin koyarwa zan samu wani," in ji shi. "Wannan kuwa bana ce kawai."

Yayarsa ta zazzaga masa faɗa da yarensu tana kuka, yana dariya. Ni na zauna riƙe da kofin da aka ba ni ina kallonsu. Ya ɗan sha wuya kafin ya samu wani aikin, ba mai kyan na farko ba, amma ya samu. Ita kuma daga baya ta koma Sifen da aiki, muna gaisawa jefi-jefi.

Har yanzu wannan aikin nake yi, kuma ina sonsa. Na ƙware fiye da dā, ban kuma taɓa ɗaga wata ƙungiya ko sauke ta don jin daɗin wani ba. Sai dai wani abu ya canja. Dā in na ga layin ɗan wasa yana gangarowa, daɗi nake ji na gano abin da wasu ba su gano ba. Yanzu in na gani sai in tsaya, don na san mai layin ya riga ni sani, kuma yana da dalilinsa na fitowa fili wanda ba zan taɓa samu a cikin alƙaluma ba. Lissafi yana iya gaya min abin da kafaɗa za ta iya ɗauka, amma me mutum zai yi da ragowar kafaɗarsa, wannan ba hurumina ba ne.

Kakar bana saura kaɗan a buɗe ta, kuma akwai wani mai jifa da lissafi ya nuna min a irin wancan hali. Na rubuta abin da na gani ba ragi, na tura ofis. Ban san shi ba, bai san da zamana a duniya ba. Amma da na idar da sallar la'asar ban yi wata inda-inda ba, na roƙi Allah Ya sa a kansa na yi kuskure.